Yatsa Ɗaya, Tsirkiya Shida

A wurin wani bikin suna a garin Timia Aghali ya fara ganin Tekna. Yana tsaka da kaɗa jita ta matso ta ce, "Kai mai jita, tsirkiyarka ta uku ta saki."

Ya ji haushi, ya duba, ashe da gaskiyarta. 'Yar mai goge ce, kunnenta ba ya ƙarya. Tun ranar yake ce mata Barewa, ita kuma tana ce masa Kurma.

Magana ta kusa kaiwa ga manya sai injin ban-ruwa na lambun lemonsu ya datse masa yatsu biyu na hagu. Aghali ya rataye jita, ya daina ɗaga waya.

Ta tura masa saƙo: "Kurmana, shirun ya isa haka. Ko wata ka samu?"

Sai bayan kwana tara amsa ta zo: "Barewa, hannun da kika sani babu shi. Ki auri Akoli mai mota, ya daɗe yana jiranki."

Ta sha kuka, ba ƙarya. Mahaifiyarta mai gogen kuwa ba ta ɓoye mata ba.

"Ba yatsunsa suka dame ni ba. Namijin da ya yar da sana'arsa saboda yatsa biyu, ranar wuya ke zai yar. Ana gama cirar lemo zan karɓi iyayen Akoli."

"Anna, ki ba ni zuwa lokacin."

Da hantsi ta same shi a lambu.

"Ɗauko jitar."

"Tekna, kowane kamun tsirkiya yatsa uku yake so ko huɗu. Da me zan kama?"

Ta karɓi jitar. Ta kasa kunne tana murɗa maɗauran tsirkiya, ta sassauta tsirkiya uku, har shidan suka haɗa baki ba tare da an danne ko ɗaya ba.

"Kwantar da yatsanka manuni a kansu duka. Kaɗa. To, ja shi ƙasa."

Sauti ya fito cikakke. Aghali ya dubi hannunsa.

"Ai duk kamun da na sani ya tashi aiki."

"Sai ka koyi sabo. Anna da tsirkiya ɗaya take sa maza kuka, kai da shida kana min raki!"

Ya sha wuya. Hannun ya yi ta komawa tsohon kamu yana neman yatsun da babu, manunin ya yi kanta ya fashe. Bai ajiye ba.

Saura kwana biyu a gama cirar lemo ya durƙusa gaban Anna, ya kaɗa. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta jawo gogenta.

"Sake daga farko, ɗana. Zan bi ka."

Ranar ɗaurin aure, bayan an sha addu'ar Allah ya bar su tare, wani abokin ango ya ɗauki jitar, ya taɓa, ya yatsina fuska, ya kai hannu zai gyara ta.

Aghali ya riƙe masa hannu.

"Bar ta. Haka matata ta ɗaura ta."