Muryar Kamilu a Gurup ɗin 'Yan Dara

Ranar wata Lahadi da hantsi, Zulfa na tsakar gidansu a unguwar Limawa, ta baje kwanukan kayan ɗakinta a kan tabarma tana gogewa. Mahaifiyarta, Inna Laraba, na gefe tana tsintar shinkafa tana yi mata tsiya.

"Wannan farantin tun jiya kike gurzarsa, yarinya. So kike Kamilu ya riƙa duba fuskarsa a ciki?"

"Kai Inna!" Zulfa ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya.

Dariyar ba ta gama sauka ba mahaifinta, Malam Modibbo, wanda suke kira Baffa, ya faɗo gidan babu sallama. Mutumin da ko ɗakinsa zai shiga sai ya yi sallama! Daga kasuwar shanu yake, sandarsa na hannu, idanunsa jajur. Ya tsaya ya ƙwala wa babban ɗansa kira.

"Tasi'u! Fito da wayar nan taka. Abin da aka kunna mini yau a gaban dillalai, kunna shi uwarka ta ji."

Hamma Tasi'u ya fito daga sashensa yana mazurai, ya latsa wayar. Sai ga muryar Kamilu tar, cike da nishaɗi:

"Kai Sagiru, ka daina cika baki! Wallahi in ka ci ni ranar Asabar, na bar maka Zulfa. Ka je ka biya sadaki ka ɗauka!"

Farantin ya suɓuce daga hannun Zulfa.

"Kuma an ci shi," in ji Baffa, murya can ƙasa. "Jiya aka ci shi. Ni Modibbo, ko karsana ban taɓa yarda a ambaci sunanta a wurin caca ba. Yau 'yata aka aza."

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san dawan garin ba ya gane. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, majalisar da ke ƙarƙashin darbejiyar bakin layi ta watsar da karta da duk wasan da ake sa kuɗi. Aka koma dara zalla. To amma namiji in bai sa wani abu ba wasan ba ya yi masa daɗi, sai suka koma sa baki. Wannan ya ce ya sa babur ɗinsa, wancan ya ce ya sa gonar kakansa ta Aujara, wani ma har rawanin mai unguwa yake sawa. A yi shewa, a tashi, kowa ya tafi da abinsa. Maganar a nan gindin bishiya take mutuwa.

Da wayoyin shafa suka cika hannun samari, sai Malam Jaji tela, babban majalisar, ya buɗe musu gurup. Gaskiya ɗaya ce, gurup ɗin ya yi rana. A nan ake tsara wa zai kara da wa, a nan 'yan Ringim ke sanar da ranar zuwansu, waɗanda karatu ya kai nesa kuma su haɗu su buga lido ta waya kamar suna tabarma ɗaya. Da mahaifin wani ya rasu, ta nan aka tara jama'ar jana'iza kafin azahar. Abin da babu wanda ya tsaya ya auna shi ne, sun kwashi bakin majalisa ɗungurungum sun zuba a wurin da ba ya mantuwa.

Kafin la'asar Baffa ya sa an haɗa kayan sa rana, an mayar gidan su Kamilu a bayan a-kori-kura, rana tsaka, kowa na kallo.

Daga nan Zulfa ta san duniya. Muryar ta shiga gurup ɗin matan unguwa, ta shiga na 'yan ajinsu, ta kai har Ringim wurin dangin uwarta. Ta je Islamiyya, wata ta ce daga baya, "A matsa wa amaryar Sagiru ta zauna." Ta je ɗebo ruwa, matan aure suka yi tsit, tana juya baya suka fashe. Shi kuwa Sagiru, marar ta-ido, ya aiko a tambaya wai yaushe zai turo manya. Ta daina fita. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Inna ta tattara kwanukan ta tura ƙarƙashin gado.

Can gidan su Kamilu ma wuta ake hurawa. Mahaifiyarsa, Hajiya Iyatu, ta ce ita ba za ta durƙusa wa kowa ba a kan wasan yara. "Sun mayar mana da kaya a bainar jama'a kamar mun yi sata! Ka fita harkarsu, 'yan mata sun ƙare ne a Dutse?"

Sai da aka kwashe makonni kafin Inna ta saci hanya, ranar da Baffa ya tafi kasuwa, ta bar Kamilu ya shigo zaure. Ya zube a ƙasa, ya yi baƙi ya faɗa.

"Zulfa, sori, don girman Allah. Wasa ne! Kowa a gurup ya san wasa ne. Kwanakin baya ma wani ya sa matarsa da 'ya'yansa—"

"Matarsa ta ji?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"To ni na ji. Baffana ya ji a tsakiyar dillalai. Kamilu, da ka rasa abin sawa, duk duniya ni ce na zo bakinka? Tsakanin babur da gonar kakan wani, nan ka ajiye ni?"

"Na yi dilit, na goge ta, wallahi! Na tura wata muryar ina ba da haƙuri, na fita daga gurup ɗin ma."

"Wa ya tura wa wani ban-haƙurin naka? Ni dai bai iso ni ba. Waccan muryar kuwa har kurma ya samu labarinta."

Hawaye ya zubo masa. Ya ce yana da aboki a Kano, in ta yarda su je a ɗaura a can, daga baya manya su huce.

Zulfa ta miƙe tsaye. "Ka zubar da ni sau ɗaya, yanzu kana so in ƙarasa zubar da kaina? Ina sonka, ban iya ƙarya ba. Amma ƙafata ba za ta tsallake zauren nan ba sai da yardar Baffa. Ba kuma zan saurari wani ba. In kana iya jira, jira. In ba ka iyawa, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta shige gida, ta kifa kai a cinyar Inna ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fitar da kai. Masu neman aure biyu suka zo, Zulfa ta ce wa Baffa cikin ladabi a ƙara mata lokaci. Bai tilasta ta ba, amma ya daina amsa gaisuwarta da baki, sai da kai. Wannan ya fi duka ciwo. Kamilu kuwa duk Juma'a sai ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaishe da Baffa, duk Juma'a Baffa ya wuce kamar bai ga mutum ba.

Malam Jaji ne abin ya hana sukuni. Bayan an yi girbi ya rubuta a gurup cewa duk wanda ya san ya ji muryar nan ya yi dariya, ya same shi ƙofar gidan Malam Modibbo ranar Asabar bayan la'asar, wanda bai zo ba kuma ya nemi wata majalisar. Suka zo. Na Limawa, na Ringim, har da Sagiru yana sunkuyar da kai, Kamilu ma aka zo da shi. Suka cire takalma suka zauna a ƙasa. Zulfa na bayan ƙyauren zaure tana saurare.

"Malam," in ji Malam Jaji, "yaron nan ya yi wauta, amma ba shi kaɗai ba. Mu muka saba masa da irin wannan baki. Ni da furfurata na ji, ban tsawatar ba."

Baffa ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Na ji. Tambaya ɗaya gare ni. Ku maza ne, a ɗakinku na waya kuka yi shashancinku. Wane ne ya buɗe ƙofa ya kai wa mata?"

Sai aka ji shessheka daga gefen Baffa, inda Hamma Tasi'u ke tsugune.

"Ni ne, Baffa. Ni na fara tura alamar dariya. Na shiga ɗaki na kunna wa Rukayya don ita ma ta yi dariya, ita kuma ta tura wa ƙawayenta. Daga gidan nan ta fita."

Zulfa ta dafe bango. Rukayya, matar wanta, wadda kullum take kawo mata kunu tana cewa ta yi haƙuri!

Da Baffa ya buɗe baki, muryarsa ta tsufa.

"Bare ya yi wasa da sunanta, na kore shi. Wanda suka sha nono ɗaya ya yi dariya, ya kai talla, ina ci da shi a kwano ɗaya." Ya juya wajen ƙyaure. "Zulfa, na san kina nan. Har yanzu kina son yaron nan?"

"In ka yarda, Baffa."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

"Ina sonsa, Baffa."

"To ka ji, Kamilu. Ba don kai ba, ba don taron nan ba. Don ta tsaya inda na ajiye ta ne alhali tana da hanyar gudu. Ka turo manyanka. Kai kuma," bai ko dubi Tasi'u ba, "ka nemi gidan haya."

Aka ɗaura aure ba kiɗa ba taro, Hajiya Iyatu ta zo da fuska a murtuke ta koma da ita a murtuke. Zulfa ta tare, Kamilu ya riƙe ta da mutunci irin na wanda ya ɗanɗani rashi. Amma gidan Malam Modibbo bai koma yadda yake ba. Sai da Zulfa ta haihu ta aika wa wanta da kanta, kafin ya iya haɗa ido da ita.

Gurup ɗin yana nan, ana ta dara ana ta lido, kuma ban ce a rufe shi ba, don na ga amfaninsa da idona. Abin da nake gaya muku, 'yan samari, shi ne: duk maganar da ba za ku iya maimaita ta a gaban uban yarinya ba, kada ku danna ku faɗa wa waya. Ku kuma masu dariya ku tura gaba, kada ku ɗauka hannunku a wanke yake. Zulfa ta yi haƙuri, Allah ya ba ta mijinta. Watannin da ta yi a ɗaki tana jin kunyar laifin da ba ita ta yi ba kuwa, babu wanda ya biya ta su, sai dai Ranar Gobe.