Motar Abdurrazak Tana Lome

«Wai me kake nufi da sai mota ta shiga jirgi?» na tambaye shi, na matse wayar a kunnena don rezon waya a Ollelewa sai mutum ya tsaya gindin aduwar bayan gida.

«Zuhaira, saurara mana... Istaj ɗin koyon aikin ya ƙare, gaskiya ne. Amma na samu mota katkat mai kyau a nan Beljik. In an loda ta a jirgin ruwa sai in tashi zuwa Lome in tare ta, in koro ta da hannuna har ƙofar gida.»

«Ni kuma fa?»

«Ai don ke nake yi, masoyiya.»

«Cikina ya shiga wata takwas, Yaya. Ka ce wata shida za ka yi.»

Ina jin ƙarar motocin ƙasar da ban taɓa gani ba a bayansa.

«Ba za ki sake hawa amalanke da naƙuda ba,» ya ce a hankali. «Na yi wa kaina wannan alkawari.»

Na kashe wayar, don na san in na buɗe baki kuka zan yi.

Mijina Abdurrazak ma'aikacin gidan ruwa ne, ni kuma ina koyarwa a lakwal ɗin firamare. Daminar bara naƙudar fari ta zo mini da gardama. Ungozoma ta ce sai babbar likita, wato asibitin Tanut. Ruwa ya cika kori, rafin da ya ratsa hanyarmu, babu motar da ta shigo gari, aka shimfiɗa ni a amalanken shanu, shi yana bi a ƙasa riƙe da hannuna. Kafin mu kai kwalta yaron ya koma. Namiji ne. Tun ranar da aka binne shi mijina bai sake ambatonsa ba, ko sau ɗaya. Da takardar tafiya Beljik ta fito, zuciyata ta ce mini gidan yake gudu.

Ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna Kadi. Mace ce mai kirki, amma ba ta da yawan magana. Da rana ina da yara a aji. Da la'asar sai gidan ya yi mini faɗi. In zuba tuwo kwano biyu, in ga na ɗauko na uku. Rigunansa na wanke su na sake wankewa alhali babu wanda ya sa su.

Hotuna kuwa suna ta zuwa. Motar fara, daga gaba, daga baya. Ga shi ya jingina da ita cikin ƙatuwar rigar sanyi, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya cika bayanta da gadon jariri da barguna. Maƙwabta suna shigowa a nuna musu.

«Kin yi dacen miji, Zuhaira,» in ji su.

Sai in yi murmushi in shige ɗaki.

Da ya sauka Lome sai aka ce jirgin bai iso ba. Da ya iso aka ce takardun duwan, wato kwastan. Da aka gama su aka ce sai ayarin motoci ya taru, don hanya ba a bin ta ɗai-ɗai yanzu saboda rashin tsaro. Kullum maganarsa ɗaya: «Saura kaɗan, hasken idona.»

Ni na daina ɗaukar wayarsa.

Wata safiya Inna ta same ni ina tsinkar zogale hawaye na zuba cikin ƙwarya. Ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba.

«Ɗiyata, haɗa kayanki. Gobe motar kasuwa za ta kai mu Tanut wurin Gwaggonki Rakiya. Gidanta na kallon likita. Mu zauna can har ki sauka.»

«Inna, shi ya ce in jira motar...»

«Shi ne zai haihu?» Ta karɓe ƙwaryar daga hannuna. «Ba ni wayar nan. Kira mini shi.»

Na kira na miƙa mata. Ba ta ko amsa gaisuwarsa sosai ba.

«Ɗan nan, ni na haife ka, zan faɗa maka. Yarinyar nan ba ta ci, ba ta barci. Tun bara take kukan ɗanta ita kaɗai, kai ka rufe bakinka ka tafi neman ƙarfe. Hanya mun yi maganinta, gobe muna Tanut. Abin da ya rage ba ni zan yi mata shi ba.»

Ta miƙo mini wayar. Numfashinsa kawai nake ji.

«Zuhaira... haka ne?»

«Haka ne,» na ce.

Sai rezo ya ɗauke.

A gidan Gwaggo Rakiya ma kaɗaicin bai sake ni ba. Ana hira a tsakar gida, ni ina kwance ina kallon silin. Na kira shi, wayar a rufe. Na sake kira washegari, a rufe. Na ce a raina shi ke nan, ya yi fushi, ko sun kama hanya da ayari. Tsoron hanyar ya danne fushina, na koma addu'a kawai.

Ranar Alhamis da hantsi naƙuda ta tashi. Da ƙafata na tsallaka titi, Inna ta riƙe ni dama, Gwaggo hagu. Na sha wuya, na kira sunansa da ban taɓa kira a gaban mutane ba. Kafin la'asar Allah ya sauke ni lafiya. Mace, mai yawan gashi, da kukanta mai ƙarfi.

Washegari bayan sallar Juma'a ina zaune bakin gado na ji muryar Gwaggo a waje tana cewa, «Shiga mana, tana ciki.»

Ya shigo da 'yar jaka guda a kafaɗa, rigarsa duk ta yamutse. Ya tsaya bakin ƙofa kamar mai neman izini.

«Ina motar?» na tambaya. Ban san abin da ya sa shi ne ya fara fita daga bakina ba.

«Tana Lome. Na bar wa abokina Ibrahim makulli, in ayari ya tashi ya taho da ita. Na samu jirgi zuwa Yamai, daga can bas har Damagaram. Wayar a tasha ta faɗi ta fashe... Na makara ko?»

«Da kwana ɗaya.»

Ya durƙusa a gabana ya kifa goshinsa a gwiwata. Kafaɗunsa suka fara rawa.

«Ina ganinsa, Zuhaira... Kullum ina ganinsa cikin zanen da aka naɗe shi. Ko a can in na ga yaro a hannun uwarsa sai in canza hanya. Na ɗauka in na yi maganarsa ciwonki zan ƙara. Na rasa abin da zan yi, sai na ce bari in sayi mota.»

«Da ka yi kukan tare da ni, Yaya. Shi kaɗai nake so.»

«Ki yafe mini.»

Na ɗora hannuna a kansa. Muka yi kukan ɗanmu a ɗakin likita, shekara guda bayan rasuwarsa. Inna ta leƙo, ta ja ƙofa ta koma.

Da muka natsu na ɗauko jaririyar na miƙa masa.

«Kawu, mijin Gwaggo, ya yi mata kiran salla jiya,» na ce. «Ya so ya yi mata huɗuba, na ce a jira ubanta.»

«Kin san zan zo?»

«Ban sani ba. Na dai ce a jira.»

Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya sunkuya a kan ɗan kunnenta na dama, ya raɗa mata suna Firdausi.