Kujerar Mai Zaman Banza

Gara in faɗi aibina da bakina kafin maƙwabta su taya ni: ina da riƙo. Ba riƙon manya ba, na gado ko na gona. Ƙaramin abu nake riƙewa, in yi ta lallaɓa shi kamar mai kiwon kaza ɗaya. Sana'ata gyaran wayar mota, rumfata tana Gyaɗi-Gyaɗi, kowa Baffa Sani yake ce min. Wata rana Alhaji Ɗayyabu, ɗan kwangilar nan na Tarauni, ya kira ni "mai faci" a gaban surukina. Iyakar laifinsa a wurina ke nan, amma shekara shida na yi ina jiran Allah ya kama shi.

Don haka ranar da direbansa Mu'azu ya zo rumfata da shatin yatsu a kunci, ban ba shi haƙuri ba. Benci na ba shi.

Alhaji yana da wata tsohuwar mota 'yar Italiya, ja, mai kujera biyu, da ya saya hannun wani Baturen injiniyan hanya da zai koma ƙasarsu. Sitiyarinta na katako ne, kujerunta fata ɗinkin hannu, in aka tayar da ita kuwa har a haƙarƙarinka kake jin gurnaninta. Alhaji bai taɓa hawanta ba. Ya saye ta ne don kada abokin hamayyarsa ya saya, ya sa aka lulluɓe ta da tamfol. Mu'azu ne yake wanke ta duk Asabar, ya tayar da ita don kada batir ya mutu, ya zauna a ciki yana shaƙar ƙamshin fata. A wannan Asabar ɗin zuciya ta ɗebe shi ya fita da ita, ya zaga layi ɗaya. Ya dawo ya tarar da Alhaji a ƙofar gida da baƙi. Lokacin soja sun miƙa mulki da 'yan watanni, duk mai babbar riga ya zama ɗan siyasa. A gabansu Alhaji ya wanke shi da mari, ya ce irinsa ko hayaƙin motar nan sai da izini zai shaƙa, ya kore shi bayan shekara goma sha ɗaya yana tuƙa shi.

Mu'azu ya ce min ba aiki yake nema ba. So yake ya sayi wadda ta fi ta, sabuwa fil, ya ajiye ta a ƙofar gidan Alhaji, sannan ya ga gawarsa. Mutumin kirki zai ce masa ya yi alwala ya kwanta. Ni kuwa na ce na san wani mutum.

Da rana tsaka muka isa, bayan mun bar kwalta mun bi burtali har wata tsohuwar marina da aka daina rini a cikinta tun zamanin kakanni. Ramukan sun bushe sai ɗaya, shi kuma ruwansa baƙi ƙirin, ko ƙuda ba ya sauka a kai. Bokan yana zaune a bakin ramin, tsoho ne siriri, hannayensa shuɗi har gwiwa. Babu ƙahonni da ƙoƙon kai irin waɗanda na zata. Abin da ke gabansa kujera ce 'yar tsugunno, babu kowa a kai, amma tsakiyarta ta lotsa tana sheƙi kamar yanzu aka tashi daga kanta. An ajiye mata fura a ƙwarya. Duk maganar da ya yi, kujerar yake kallo, ba mu ba.

Ya ce Mu'azu ya kawo abin da ya haɗa shi da maƙiyinsa. Mu'azu ya zaro tsumman da yake goge tsohuwar motar. Boka ya ƙone shi, ya zuba tokar a ramin, ya ɗebo ruwan da tafin hannu ya shafa masa a kuncin da aka mara. Ruwan ya bi gemunsa ya ɗiga a ƙasa, ƙasar ta shanye ba ta jiƙe ba.

"Dukiya za ta zo," in ji shi. "Za ka sayi motar. Kujera biyu gare ta, ko? Ɗaya taka. Ɗaya ta mai wannan wurin. Wanda ya zauna a kai, nasa ne."

Mu'azu ya tambayi abin da zai biya.

"Na faɗa maka."

"Wato in na zaunar da wanda nake so..."

"Wanda ya zauna."

Har Mu'azu ya yi murmushi, don gani yake an ba shi dukiya an haɗa masa da wuƙa kyauta. Ni ne tsoro ya sa na sa baki, na ce to in wanda ake nufi ya ƙi zama fa? Sai lokacin tsohon ya ɗago ya dube ni.

"Malam, ka taɓa ganin kujera ta rasa mai zama?"

Wata bai cika ba aka ba Mu'azu kwangilar kawo taki, shi da bai taɓa riƙe fartanya ba. Daga taki sai motocin kamfen, daga nan sai rijiyoyin burtsatse da har yau ba a ga ruwansu ba. Cikin shekara biyu ya rushe gidan mahaifiyarsa, Inna Uwani, ya tayar da bene a wurin. Sannan motar ta iso a bayan tirela.

Na ga motoci a rayuwata, amma wannan ja ce kamar an yanka rago a kan madubi. Tsayinta bai wuce ƙuguna ba. In ya taka ta, 'yan acaɓa har kashe babur suke yi su saurara. Kwalbatin ƙofar gidansa ma sai da aka fasa aka sake, don cikinta yana gogar ƙasa. Na leƙa injinta na ga wayoyi an jera su kamar kitson amarya, na ji kunyar sana'ata.

A ka'ida sabuwar mota uwa ake fara kai wa ta sa albarka. Mu'azu Tarauni ya nufa, ni ina biye da shi a acaɓa don kada a ba ni labari. Ya durƙusa gaban Alhaji, ya ce duk abin da ya zama albarkacinsa ne, yana roƙon ya shiga a zaga da shi ko layi ɗaya. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Ya zaga motar, ya shafa ta, ya yi addu'ar Allah ya tsare, ya leƙa ciki.

"Ina gidan bayan?"

"Ranka ya daɗe, ai irin taka ce, kujera biyu."

"To ni a ina zan zauna? Gefen direba, kujerar mai zaman banza? Haba Mu'azu. Sai ka ce yaron mota."

Ya yi dariya ya shige gida. Shekara goma sha ɗaya Mu'azu yana kallon mutumin nan ta madubi, bai taɓa ganinsa a gaba ba ko sau ɗaya. Shi ya sa ma tsohuwar motar take ƙarƙashin tamfol. Ƙiyayya ta hana shi tunawa, ni ma ta hana ni.

Daga ranar ya kulle ƙofar gefen, ya hana kowa ɗanawa. Amma ƙaninsa Habibu, mai karatun aikin jinya, ya samu ana wanke ta ya shige ya zauna, mai hoto ya ɗauke shi yana ɗaga yatsu biyu. Kwana uku aka yi. Abokan karatunsa suka auna duk abin da ake aunawa ba su ga ciwo ba. Sun ce dai har ya cika yana matsawa gefen gado, yana cewa a gaya wa mutumin nan ya daina matse shi.

Na zata Mu'azu zai cinna wa motar wuta. A'a. Mutuwar Habibu ma a kan Alhaji ya ɗora ta. Ya bi shi ɗaurin aure, ya bi shi jana'iza, yana jiran ranar da zai rasa mota. Ranar ta zo a Darmanawa, aka tare motar Alhaji a lungu ga hadari ya haɗo. Mu'azu ya buɗe masa ƙofa. Alhaji ya gode, ya shiga bayan wata tsohuwar tasi tare da mutum uku.

Ana nan wata Laraba Inna Uwani tana dawowa daga suna a Unguwa Uku, a ƙasa, rana tana dukanta, sai ga ɗanta a jar motar. Ta ɗaga masa hannu. A garin nan ko maƙwabcin da ba kwa shiri ka gani a hanya sai ka rage masa hanya, balle uwa. Mu'azu ya kau da kai ya wuce. Ceton ranta ya yi, amma wa zai gaya wa? Kafin la'asar duk Gyaɗi-Gyaɗi ta ji.

Ba ta yi masa faɗa ba. Washegari da ya fita a wata motar, ta ce wa matarsa Safiyyah ta miƙo mukulli. Safiyyah, wadda ita ma abin yake ci mata rai, ta miƙa. Tsohuwa ta buɗe ta zauna, ta gyara mayafi, ta aika a kira shi. Ya zo ya tarar da ita.

"Na zo in ji abin da ya fi ni ne," ta ce. "Ashe ma ko miƙe ƙafa ba a yi."

Ya faɗi a gabanta yana kuka kamar yaro, ita kuma ta ɗauka nadama ce, ta yafe masa. Ranar Lahadi muka kai ta makwancinta.

A zaman makoki ya faɗa wa Safiyyah gaskiya. Tun daga ranar ba ta ƙara zama a kan komai ba, ko kujera, ko gado, ko tabarma. A tsaye take wuni, a tsaye take cin abinci, ta jingina da bango ƙafafu sun kumbura, duk wanda ya nufi kujera ta riƙe masa riga tana cewa akwai mutum a kai. Danginta suka zo suka tafi da ita da 'ya'yan.

Muka koma marina, muka tarar da ramin ya bushe, babu tsoho babu 'yar kujerarsa. Na kwance kujerar motar da hannuna muka jefa a kududdufi. Da safe tana nan a mazauninta, a bushe, tsakiyarta ta lotsa. Kwangila ta tsaya. Masu saye suka zo, amma duk mai saye sai ya ce a zaga da shi ya ji lafiyarta, Mu'azu kuwa, in faɗi alherinsa ɗaya, bai yarda ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo rumfata, ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Ya ajiye min mukulli a kan benci.

"Baffa, yau kai za ka tuƙa ni."

Na gane nufinsa sarai. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce 'ya'yansa biyu ne kawai suka rage masa, kuma sun fara tambayar yaushe za a ɗana su. Ya zagaya ya buɗe ya zauna tun kafin in rufe baki.

Na tuƙa shi. Kuma tunda na fara faɗin aibina bari in ƙarasa: daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni, da mutumin da ya gama yanke wa kansa hukunci a gefena, sai da na ji daɗin motar nan. Ya sa na tsaya a ƙofar gidan Alhaji. Ya daɗe yana kallon gidan, bai fita ba, sannan ya ce mu koma. Ranar Litinin ya rasu. Muka haƙa rami a bayan gari muka binne motar, muka zuba kankare.

Kai mai karatu, in wani ya wulaƙanta ka har kana jin ba za ka iya barci ba sai ka fi shi, ka kiyayi inda za ka kai kukanka. Boka ba ya ba ka abin da ba naka ba. Daga cikin gidanka yake ɗauka ya miƙo maka, kuma maƙiyinka ba ya kwana a gidanka. Masu sonka ne suke kusa, su ne za su zauna. Ka kiyayi kuma aboki irina, wanda zai ba ka benci maimakon haƙuri.

Alhaji Ɗayyabu ya zo ta'aziyya, ya gaya wa jama'a cewa Mu'azu yaronsa ne, shekara goma sha ɗaya ko saɓani ba su taɓa yi ba. Ya rasu bara yana da shekara casa'in da ɗaya, a kan dardumarsa, jikoki kewaye da shi.