Wa Ya Rufe Tsohuwa?

Ƙaurin ƙonanniyar roba ne ya yi wa Sufeto sannu da zuwa tun kafin ya tura ƙofar shagon. Shagon yanka sitika ne da rubutun allunan talla, ɗaki ɗaya siriri mai tsawo, naɗe-naɗen sitika kala-kala jingine da bango. A ƙarƙashin teburin ƙarshe akwatin wata tsohuwar kwamfuta yake, bayansa ya yi baƙi ƙirin, roba ta narke ta ɗiga a siminti.

Wata budurwa na tsaye a kai, idonta ya yi jajur. Ita ta kai ƙara caji ofis da sassafe, kuma duk layin Auta ake kiranta. Mahaifinta, mai shagon, yana kan kujerar bakin ƙofa, ya cusa hannuwansa a hammata kamar mai jin sanyi. Ciwon ido ya cinye ganinsa a hankali, yanzu sai dai ya bambance haske da duhu.

Sufeto bai so aka turo shi ba. A ce mutum ya tsufa a aikin ɗan sanda, yau kuma gawar kwamfuta zai duba! Ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Wuta ce ta yi yawa ta ƙone ta," in ji shi. "Me ya kawo 'yan sanda ciki?"

"Kashe ta aka yi, Yallaɓai," in ji Auta. "Dubi gefenta. A rufe yake."

"To da a buɗe ake barin akwati?"

"Wannan dai a buɗe. Tun ina sakandare fankar cikinta ta mutu, aka nemi irinta aka rasa. Likita ya cire murfin gefe, ya ce a sa fankar tebur tana hura mata iska. Ba ma kashe ta, don in ta kwanta sai an yini ana lallashi kafin ta tashi. Duk wanda ya san Tsohuwa ya san in an rufe ta, an shaƙe ta."

Tsohuwa sunan kwamfutar ke nan, Likita kuwa mai gyaranta. Ita kaɗai na'urar yanka sitika ke jin maganarta, don sababbin kwamfutoci ba su da ko ramin da wayar na'urar za ta shiga. Duk zanen da shagon ya taɓa yi wa jama'a a cikinta yake. In Tsohuwa ta mutu shago ya mutu, kuma da shagon nan uba da 'ya suke ci.

Sufeto ya matsa kusa. Murfin farantin ƙarfe ne mai ƙugiyoyi, ana zura shi cikin layinsa sannan a ɗaure da sukuru ta baya. A tsakiyarsa akwai huji-hujin shan iska, kuma an bi su duka an lilliƙe da guntayen sitika, ja da rawaya da kore, an shafe su sumul babu kumfar iska ko ɗaya. An zare filogin fankar tebur. Ya kwance sukurun, ya kai hannu zai ja murfin.

"A hankali, Yallaɓai, bakinsa reza ne."

Ya sa hankici ya ja. A bakin ƙarfen ta ciki, daga sama har ƙasa, akwai wani busasshen jan layi siriri, kuma ba tsatsa ba ne. Ya kalle shi sosai.

"Ina murfin nan yake kafin yau?"

"A ɗan siton baya, bayan kwalaye. Da shi muka toshe ramin ɓera. Ni har na manta da shi."

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da Baba da Likita, sai matar da ta ba mu haya."

Matar a saman bene take. Sufeto ya hau yana haki, ya tarar da ita tana jiransa, ta riga ta ɗaure fuska.

"Na san abin da ya kawo ka," in ji ta. "E, ina so su tashi, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma in kunna wuta a ƙarƙashin gadona? Ɗakin kwanana daidai saman teburin nan yake. Ni mahaukaciya ce?"

Ya kalli hannuwanta da ke ta yawo a iska. Lafiyarsu ƙalau, ko ƙwarzane babu.

"In gaskiya kake nema, tambayi yarinyar," ta ƙara da cewa, ta rage murya. "Makarantar koyon jinya ta ɗauke ta a can nesa, ta ƙi zuwa. Suka sake ɗaukarta, ta ƙi. Wai wa zai riƙe wa Baba shago, tunda shi ba ya ganin gilashin kwamfuta. Wannan ne karo na ƙarshe, shekarunta za su wuce, kuma satin nan ake rufe karɓa. Wallahi in ni ce ita, da tuni na sheƙa wa abin nan ruwa."

Sufeto ya sauko. Ya tsani irin wannan bincike, wanda babu mugu ko ɗaya a ciki, sai mutanen da zama ya ƙuntata wa.

A caji ofis Likita na bayan kanta tun safe. Wani kofur ne ya damƙo shi, don maƙwabta sun ga fitarsa daga shagon jiya bayan an tashi aiki. Dattijo ne ramamme, abokin mai shagon tun suna samari, aljihun rigarsa ya zazzago saboda ɗaukar sukudireba.

"Me ka je yi jiya bayan mai shago ya tafi gida?"

"Duba Tsohuwa."

"Kullum? An ce min makonni ke nan kana zuwa, kuma sai ya fita kake shiga."

Likita ya sunkuyar da kai. "Wannan ba maganata ba ce, Yallaɓai. Amana ce."

"Amanar za ta kai ka kotu."

"To ta kai ni."

"Miƙo hannuwanka."

Tafukan cike suke da tsofaffin tabo, amma babu sabo. Likita ya gane abin da ake nema.

"Murfin nan ya sha jinina a da," in ji shi. "Masu ƙera akwatunan wancan lokacin ba sa lanƙwasa bakin ƙarfe, haka suke barinsa tsirara. Yanzu ba na taɓa irinsa sai da tsumma."

Sufeto ya zaro guntun sitika da ya tsinto a shagon. "Liƙa min wannan a kan kanta."

Likita ya ɓare ya liƙa, ya yi ta dannawa da babban yatsa. Abin ya fito duk kumfa, kamar bayan yaro mai ƙurajen zafi.

"Akwai gyara?" Sufeto ya tambaya.

"Na leƙa ta bayanta kafin kofur ya kama ni. Faifan ajiyar ya soye, babu abin da zai fito. Na daɗe ina cewa zan kwafe musu kayan a wani wuri, kullum sai in ce gobe." Muryarsa ta karye, ya juya wa Sufeto baya. Ba don kansa yake kuka ba, kuma Sufeto ya san haka.

Rana ta take lokacin da ya koma shagon. Auta ta share tokar, ta zauna a ƙasa kusa da akwatin kamar mai jinya. Mahaifinta bai motsa daga kujerarsa ba.

"Jiya da kuka rufe, ina kika tafi?"

"Gida. Na ɗora girki."

"Baba yana gida?"

"Ya ce zai taka ya gaida wani aboki. Hanyar layin nan a ƙafarsa take, ba ya buƙatar ɗan jagora."

Sufeto ya kalli yatsunta, ya ga lafiya lau. Duk da haka ya gyara murya, ya yi irin maganar da ya fi tsana a aikinsa.

"Wanda ya liƙe hujin nan gwanin sitika ne. Likita bai iya ba, matar bene ba ta iya ba. Ke kin iya, kuma ke ce mutuwar kwamfutar nan za ta saki. Ɗauki jakarki, Auta, mu je ofis."

Ta kai hannu wajen jakarta.

"Ƙyale ta."

Mai shagon ne. Tun safe sai yanzu ya yi magana.

"Zan ƙyale ta, Baba," in ji Sufeto a hankali. "Amma tun da na zo ban ga hannuwanka ba."

Tsohon ya zaro su daga hammata ya ɗora a gwiwa. Kan yatsun duk yanka ne, sirara, wasu sun fara kumbura.

Sufeto ya ja kujera ya zauna, don ƙafafunsa sun gaji da tsayuwa.

"Baƙo ba zai san murfi na bayan kwalaye ba," in ji shi. "Ke nan ɗan gida ne. Mai ido in zai zura murfi, tsakiyarsa yake riƙewa ya duba layin da ido. Wanda ya rufe wannan da yatsu ya bi bakin ƙarfen yana laluben ƙugiyoyi, shi ya sa jini ya bi layi daga sama har ƙasa. Sai sitika. Hannun da ya shafe ta ya yi shekaru yana aikin. Amma mai son ɓoye ɓarna, a shagon da ke cike da farar sitika kalar akwatin, ba zai ɗauki ja da rawaya da kore ba, sai in a wurinsa duk ɗaya ne. Tun safe na so a ce na yi kuskure, Baba."

"Ba ka yi ba," in ji tsohon. Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin 'yarsa. "Auta, na roƙe ki, na yi miki faɗa, na yi fushi, kin ce muddin Tsohuwa na numfashi kina nan. To na duba na ga Likita ba zai bari ta mutu ba. Kullum sai ya samo mata wata dabara. Za ta kai ki tsufa a kan kujerar nan kina yanka sunayen shagunan mutane. Na ce gara in kashe ta da hannuna."

"Kuma ka bar abokinka a bayan kanta," in ji Sufeto.

"Na bar shi." Hawaye ya gangaro masa. "Na ce in na yi shiru har ta tafi, sai in je in faɗi gaskiya. Ban san ni matsoraci ne haka ba sai yau."

Auta ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da Sufeto ya fi samun sauƙi. Ta miƙe tsaye, muryarta ta fito a bushe.

"Baba, ka san me Likita ke zuwa yi da yamma?"

Ya girgiza kai.

"Ƙanwar matarsa yake kawowa ta ƙofar baya. Ina koya mata aikin. Ta iya zane, ta iya yanka, ta san halin Tsohuwa, jiya ma ita kaɗai ta gama allon mai kantin magani. Ni na ce kada ya gaya maka sai ta ƙware, don kada in sa maka rai abin ya ƙi. Ita za ta riƙe shagon, a ba ta nata, saura ya ishe ka ci da magani. Yau da safe na so in gaya maka zan tafi. Jakata ma a haɗe take."

Tsohon ya miƙa hannu yana lalubenta.

"To ki tafi. Auta, don Allah ki tafi. Ni zan san yadda zan yi."

"Ka yi yaya? Ka ci me? Wa zai biya haya? Shagon da zan bar ka da shi ga shi nan a ƙasa."

Sufeto ya duba cikin kansa ko akwai wata doka ko wata dabara da za ta yi amfani a nan, bai samu ba. Mutum ya fasa kayansa da hannunsa, ba shi da abin kamawa. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya je ya buɗe wa Likita, ya kuma gaya masa wanda ya yi, ya tsaya ya kalli fuskarsa. Ya ji kakin jikinsa ya yi masa nauyi.

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya waiwaya. Auta ta durƙusa gaban mahaifinta, ta kama yatsunsa tana dubawa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ya fara ruwa," in ji ta. "Tashi mu je gida in wanke maka. Gobe zan zaga kantunan layin nan, ko akwai mai neman 'yar tsaron kanti."

"Auta, makarantar fa?"

"Tashi, Baba."

Ta ɗaga shi, ta sa hannunsa a kafaɗarta, suka wuce Sufeto. Ba ta ko tsaya kulle shagon ba.