Faɗin Tabarma Biyu

Matar kafinta mace ce mai tsabta, ko tsinke ba ya kwana a tsakar gidanta. Abu ɗaya ya daɗe yana tsone mata ido: ciyawar bayan ɗaki, tafasa da yaryaɗi masu fure, inda ƙudan zuma ke wuni suna kai da kawo. Wata Laraba ta ɗauki fartanya ta nome wurin ƙaf, ta tara ta cinna wuta. Ta zauna tana matsa ƙugu, ta ce yau kam ta huta.

Da magariba, tana sauke tukunya, dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Can wani ya sake faɗowa. Maigida ya zagaya da tocila, bai ga ko kaza ba.

Haka aka yi kwana tara. Rana na faɗuwa, jifa na farawa. Furen kabewar da ta shuka ya riƙa zubewa, ba ɗa ko ɗaya. Sannan Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta daina magana. Sai ta juya fuska ga bango tana wani siririn ƙugi a maƙogwaro, ba ci ba sha. Uwar ta yi kuka har hawayen ya ƙare, ta koma kallo kawai.

Maigida ya ɗauko wani dattijon malami. Ya zauna kusa da yarinyar, ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe. Sai bakin Auta ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

"Malam, sassauta. Ni ma a gajiye nake."

"Wace ce ke?"

"Makiyayiya. Waɗannan 'yan ƙanana masu fukafuki su ne garkena. Tun ba a aza tubalin gidan nan ba nake kiwo a nan. An shafe unguwa da siminti, saura bayan ɗakin nan. Shi ma matar gidan ta ƙone shi."

Uwar ta ce a hankali, "Ciyawa ce fa kawai."

"Kabewarki ta yi ɗa bana? Wa kike zaton ke kai saƙo daga fure zuwa fure, ke da tsintsiyarki?"

Malam ya ce, "Yarinyar ba ta yi miki komai ba. Ki ji tsoron Allah."

"Wurin zama na rasa. A bar mini bayan ɗakin duka."

"Gida na masu shi ne. Faɗin tabarma ɗaya."

"Huɗu."

"Biyu. Ba don ke ba, don halittar Allah da ke neman abinci. Ki fita, kuma ba dawowa."

Ya dubi uwar. Ta daɗe tana kallon ƙasusuwan wuyan 'yarta kafin ta gyaɗa kai. Auta ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Inna, ruwa."

Da aka sake yin ruwan sama, ciyawar ta tsiro, ta yi fure, ƙudan zuma suka dawo. Kullum da safe tsintsiyar matar kan kai bakin wurin ta tsaya, hannunta na ƙaiƙayi.

Wata rana maƙwabciya ta leƙo ta katanga. "Yaya, ke ce da wannan dajin? Lalaci ne ko tsufa?"

Matar kafinta ta dubi Auta tana shanya kaya tana 'yar waƙa. Ta dubi ɗan kabewa kamar dunƙulen hannu a ƙarƙashin ganye.

Ta ce, "Tsufa ne," ta jingine tsintsiyar.