Kukan Ɗan Dudu

Rana ta yi ja a kan kogin Binuwai lokacin da Hamajoda ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan namun daji. Shi ne mai ɗaukar sauti a fim ɗin da suke yi kan dabbobin gidan. Abu ɗaya ya rage masa ya ɗauka: shirun kejin Dudu, yanzu da babu kowa a ciki.

Dudu gwaggon biri ce. Da ɗanta ya mutu sai ta juya wa duniya baya, ta ƙi kallon kyamara. Hamajoda kuwa, sarkin dabara, yana da kukan ɗan a na'urarsa tun yana raye. Ya laɓe bayan keji ya kunna mata. Ranar sun samu hoton da suke so: ta zabura tana tone ciyawa, tana leƙa kwanon ruwa. Kwana tara tana nema, ba ci ba sha. Na goma aka fitar da gawarta a buhu. Tun daga nan abin ke cin ransa.

"Da magaribar nan, ɗana?" in ji Baffa Jawe mai gadi, yana hura wutar shayi. "Kai da kunnuwan nan naka na roba, maganar mutum ba ta shigarka."

"Minti biyar, Baffa."

Kejin na warin fitsari da ruɓaɓɓen mangwaro. Ya rataya na'urar a wuya, ya sa abin ji a kunne. Jemagu. Kwaɗi. Kurayen da ke gefe suka yi tsit.

Sai numfashi.

Ya cire abin kunnen. Shiru. Ya mayar. Numfashin na bayansa.

Ciyawa ta fara motsi, ana tone ta. Kwanon ruwa ya kife.

Yatsu masu sanyi da kaushi suka bi kafaɗarsa, suka kama igiyar na'urar. Aka ja. Igiyar ta shaƙe shi.

Sai ya gane. A cikin na'urar nan Dudu ta ji ɗanta karo na ƙarshe.

"Ba ya ciki," ya ce cikin raɗa. "Wallahi ƙarya na yi miki, Dudu."

Aka ƙara ja. Ganinsa ya fara duhu.

Ya sunkuya, ya zame igiyar ta kansa.

Na'urar ba ta faɗi ba. Ta tsaya a iska daidai ƙirji, tana jijjiga a hankali, yadda ake rarrashin jariri. Kukan ya kunna kansa.

Da rarrafe ya fita.

Fim ya fito, mutane suka sha kuka a wurin Dudu, aka yi ta yabon sauti. Hamajoda bai kalla ba. Tonon ciyawa ya daina, sai kukan ɗan biri da ke tashi daga kejin duk magariba.

Ran nan Baffa Jawe ya kira shi a waya.

"Ɗana, kukan ya fara rauni, ta kuma soma tono. Ka taho da batir. Ni dai ba zan shiga ba."