Mai Riƙe Igiyar Tsattsewa

Ranar da Luningning ta fara ganin Esteban, a rataye take a sama, kai a ƙasa, jini ya taru mata a fuska.

Tana sanye da jar riga mai fikafikai da abin rufe fuska na Kapitana Layang, wato Tsattsewa, jarumar da iyayenmu suka taso suna hayar littattafan zanenta a bakin titi, yanzu kuma gidan talabijin ya dawo da ita. Tauraruwar shirin ita ce mai fuska da magana. Luningning kuwa, wadda ake kira Ning, ita ce mai tsalle da faɗuwa, kuma ba wanda ya san sunanta a Manila.

"Wa ke riƙe da ni ne?" ta tambaya daga sama. "Ko ya tafi cin abinci?"

"Ina nan, ranki ya daɗe," wata murya ta amsa daga ƙasa. "Cewa aka yi mai digiri ce, sai na ɗauka kin iya sauka da kanki."

Da mai muryar ya sauke ta a hankali, ta cire abin fuskar don ta wanke shi tas. Sai ta ga Esteban, wanda ake kira Teban, saurayi kakkaura, baƙi, yana murmushi kamar bai yi laifi ba. Sai ita ma ta tsinci kanta tana murmushi.

Aikin nasu haka yake. Igiyar da ke ƙugun Ning tana bi ta kan wani ƙaramin wili na ƙarfe a can saman rufi. Da darakta ya ce a tashi, sai Teban ya diro daga kan tsani riƙe da ɗaya bakin, nauyinsa ya cilla ta sama. Duk tashin da Tsattsewa ta yi a talabijin, faɗowar Teban ce. Shi ya sa Ning ta raɗa masa suna Buhun Shinkafa, shi kuma bai taɓa kiranta da komai ba sai Tsattsewata.

Kafin damina ta kama, ma'aikata sun daina tambayar dalilin da ya sa kwano ɗaya suke cin taliyar pansit. Saƙonninsu ma ba sa yankewa.

"Buhuna, ka ci abinci sosai. In ka rame ba zan tashi ba."

"Na ci, na ƙara. Gobe har rufi zan kai ki, Tsattsewata."

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba. Jomar, mataimakin darakta, ya daɗe yana tsayar da motarsa a gaban Ning, ita kuma ta daɗe tana wuce shi ta hau jifni, motar hayar talakawa.

Wata Lahadi ta kai Teban gidansu a unguwar Sampaloc. A wurinmu yaro ba ya shiga gida bai kama hannun babba ya ɗora a goshinsa ba. Mano muke ce masa. Teban ya yi wa mahaifiyarta, Aling Pacita, sannan ya sunkuya gaban mahaifinta, Mang Perto, wanda ke zaune a kujerarsa da sanda a gefe.

"Mene ne sana'arka?" tsohon ya tambaya kafin ya ba da hannun.

"Ni ke riƙe igiyar Ning, Mang Perto."

Tsohon ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Ya nuna wani hoto a bango, na saurayi mai faffaɗan ƙirji cikin kayan jarumi, hannu ɗaya a sama.

"Ni ne wancan. Ni na yi wa jarumin fim ɗin tashi, shi ya kwashi tafi. Rannan ina sama mai igiyata ya sake ni. Da ya zo asibiti ya kama hannuna yana kuka, wai iyakar ƙoƙarinsa ya yi. Tafin hannunsa sumul, kamar na jariri. Tun daga ranar ban sake tafiya ba sanda ba." Ya juya ga 'yarsa. "Na haƙura kin ajiye digirinki kina shawagi a rufin mutane. Amma mai igiya ba zai zama surukina ba."

"Tatay, ba shi ya sake ka ba," in ji Ning, da sunan da muke kiran uba.

"Dukansu ɗaya ne. Ranar da igiya ta yi zafi za ki gani."

Ning ba ta yi kuka ba. Ba ta cikin masu kuka a gaban mutane. Ta raka Teban har bakin titi, kai a sama, duk maƙwabta na kallo.

Ranar da tsohon ya faɗa kuwa ta zo. Ana ɗaukar wurin da Tsattsewa za ta tashi daga saman bene. Ning tana can ƙololuwa sai ta ji ƙarfe ya ce ƙas a kanta. Ta taho ƙasa. A tsakiyar hanya wani abu ya fizge ta da ƙarfi har numfashinta ya ɗauke, ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da zamewa har ta bugu da siminti. Ƙafarta ta hagu ta karye wuri biyu.

A asibiti Jomar ne ya fara zuwa, da furanni da kwandon mangwaro. A gaban iyayenta ya girgiza kai.

"Sakinta Teban ya yi, Mang Perto. Tsoro ya ji. Mun kore shi."

Tsohon bai ce na faɗa miki ba. Kallonta kawai ya yi, kuma gara a ce ya faɗa ɗin.

Teban bai zo ba, bai kira ba. Ning ta ga an sa wata yarinya cikin jar rigarta, shirin ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, yaran da ke ɗakin jinya suna tafi suna kiran Kapitana, ba su san ita ce kwance kusa da su ba. Ta danne zuciyarta har ta gaji, sannan ta rubuta masa:

"In sakina ka yi, zo ka faɗa min da bakinka. Ba na son jin labarina a bakin Jomar."

Amsar ta daɗe ba ta zo ba, kuma da ta zo haruffan a hargitse suke kamar yaro ne ya rubuta.

"Ban sake ki ba. Amma kin faɗi. Da wane ido zan dube ki?"

Ta karanta, ta tuna fizgar nan ta tsakiyar hanya. Igiyar da aka saki ba ta fizgar mutum.

"Da idon da ka saba. Ka zo gida, Buhu. Kada ka sa in zo ɗaukarka da sanda."

Watannin da suka biyo baya su ne mafi ɗaci a rayuwarta. Gida ɗaya, sanduna biyu, ita da mahaifinta suna wuce juna a tsakar ɗaki ba mai cewa uffan. Likita ya ce da wuya ta sake tsalle. Ta ce masa ba ta tambaye shi ba. Kullum da safe takan dafa bango ta taka, gumi na zuba, har Aling Pacita ta riƙa roƙonta ta zauna. Jomar ya turo ƙanwar mahaifiyarsa da maganar aure, da alkawarin kujera a ofis mai sanyi. Ning ta ba matar kofi, ta saurare ta har ƙarshe, ta ce, "Ki ce masa na gode. Ƙafata ce ta karye, ba kaina ba."

Teban kuwa ya zo, amma ba da baki ya zo ba. Ya ɗauko tsohuwar al'adar kakanni, wadda saurayi ke yi wa gidan budurwa hidima har iyaye su sauko. Ya ɗebo ruwa, ya share kwata, ya hau ya gyara kwanon da guguwa ta yaye. Kullum hannuwansa cikin safar hannu ta aiki, ko abinci zai ci sai ya koma bayan gida.

"Ka cire abin nan mana, zafi ake yi," in ji Ning wata rana.

"Na saba."

"Me kake ɓoye min?"

"Ƙusa ta ƙare, bari in je in sayo," ya ce, ya fice.

Mang Perto yana kallonsa ta taga kullum, bai taɓa amsa gaisuwarsa ba. Da ya ga abin ba zai ƙare ba, sai ya yi niyyar kunyata shi a gaban jama'a. Ranar bikin waliyyin unguwa gidan ya cika da dangi, ana ta zuba abinci. Teban ya shigo da jarkar ruwa a kafaɗa, sai tsohon ya ɗaga murya.

"Kai mai igiya. Ka daɗe kana neman hannuna, to ga shi. Amma ba a yi wa babba mano da safar hannu, ko a garinku ba a koya maka ba? Cire, kowa ya ga irin hannun da ya saki 'yata."

Teban ya dubi Ning, ya dubi ƙofa. Sannan ya ajiye jarkar, ya sa haƙori ya zare safar ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya kama hannun tsohon ya kai goshinsa.

Mang Perto bai janye ba. Ya juya hannun saurayin, ya buɗe tafin. Wani tabo mai kauri ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, fatar ta tattare, yatsu biyu sun lanƙwashe ba sa miƙewa. Ya kamo ɗaya hannun, shi ma haka. Ya daɗe yana bin tabon da babban yatsansa.

"Igiya ce ta ci ka," ya ce a hankali.

"Wilin ne ya tsage, Mang Perto. Na sha gaya wa Jomar a canza shi. Da igiyar ta ƙwace sai na naɗe ta a hannu. Safar ta ƙone, ta kai ga nama. Ban iya tsayar da ita gaba ɗaya ba."

Ning ta ratso mutane, sandarta na ƙwanƙwasa ƙasa. Ta tsaya a kansa cikin fushi.

"Shi ne ka ɓoye min duk tsawon nan? Ka bari ana zaginka?"

"Ba zan sake riƙe igiyar kowa ba, Ning. Ban so ki aure ni don tausayi ba."

"Tausayi? Ni na yi maka kama da mai tausayi? Tun ban ga hannun ba na zaɓe ka, sakarai."

Wani kawu ya fashe da dariya, Aling Pacita ta sa gefen riga tana share ido. Tsohon har yanzu yana riƙe da hannuwan biyu.

"Da a ce irin hannun nan ne ya riƙe ni," ya ce, "da yau da ƙafata zan raka 'yata coci. Tashi, ɗana. Wahalar kwatar da ka sha ta isa haka."

An ɗaura auren bayan Ista, a cocin unguwa. Ning ta ƙi sanda, ta tako da ƙafarta tana ɗan ɗingishi, kai a sama kamar kullum. Yanzu ita ke koya wa sabbin yaran fim yadda ake faɗuwa ba a mutu ba, Teban kuma shi ke duba kowane wili kafin a ɗaura wa ɗan wani igiya.

Da aka zo wurin da ake yafa wa ango da amarya farar igiya a kafaɗa don a haɗa su, waɗanda aka zaɓa don aikin sun miƙe ke nan sai Mang Perto ya ɗaga sandarsa.

"Ku zauna. Wannan tawa ce."

Ya tako a hankali, ya zagaya igiyar a kafaɗar 'yarsa, ya zagaya a ta Teban, ya gyara mahaɗar da hannunsa. Sannan ya sunkuya tsakaninsu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu riƙo. Kai kuma ka riƙe ta da kyau."

"Tatay," in ji Ning, ba ta juyo ba, hannunta cikin tabon hannun mijinta, "wannan karon ni ke riƙe da shi."